Sanda da Inuwarta: Magana a Kan Koyar da Kimiyya a Makarantun Furamare

 A wannan mako ina so in ɗan kauce daga irin mas'alolin da muka saba tattaunawa a wannan fili, in yi magana a kan wani abu da na gani da idona a wata makarantar furamare a nan Kano. Abin da ya kai ni makarantar kuwa ƙara ce aka kawo mini.

Wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda yakan zauna a karatunmu na bayan Magariba, shi ne ya tsaya bayan an watse, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana. Kowane zango ina biyan kuɗin makarantar yaron nan, amma kullum ya dawo sai in ga wandonsa duk ƙura. In na tambaye shi me aka yi yau, sai ya ce malama ta fitar da su rana suna auna inuwar sanda. Na duba littafinsa na kimiyya, shafi uku kaɗai aka rubuta tun farkon zango, alhali kuwa ɗan maƙwabcina da ke wata makarantar ya kusa cinye littafi na biyu. Ni karatu na kai shi, ban kai shi wasan ƙasa ba. Ina so ka raka ni wurin hedimasta, domin maganarka ta fi tawa nauyi."

Na ce masa, "Alhaji, ba a yanke hukunci da jin ɓangare guda. Mu je mu gani tukuna, in ya so sai mu san abin da za mu ce wa hedimasta."

Muka je wata ranar Talata a ƙarshen watan Nuwamba, wajen ƙarfe 11 na safe, hunturu ya fara shigowa. Muka tarar da 'yan aji biyar a farfajiya, an raba su ƙungiya shida. Kowace ƙungiya ta share ƙasa ta daidaita ta, ta kafa sanda wadda tsawonta daga ƙasa ya kai mita 1, tana kuma da awon tela da ƙusa da takarda. Duk bayan rabin sa'a sai malama ta buga gwangwani, yaro guda ya soka tsinke a daidai bakin inuwa, wani ya auna, wata yarinya ta rubuta. Na leƙa takardar ƙungiyar da ke kusa da ni bayan sun gama, ga abin da na gani: ƙarfe 11 da kwata, santimita 73, 12 saura kwata, 67, 12 da kwata, 65, 1 saura kwata, 67, 1 da kwata, 73.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gardamar da ta tashi a tsakiyar aikin. Da aka zo kwatanta awo na uku, ƙungiya huɗu suka sami 65 ko kusa da haka, ɗaya ta sami 69, ɗaya kuma 62. Nan da nan yara suka juya wurin malama suna cewa, "Malama, wane ne daidai?" Ni a raina na ce yanzu za ta faɗi amsa a wuce wurin, kamar yadda aka yi mana muna yara. Sai ta ce, "Ban sani ba tukuna. Rana ɗaya ce, sanda kuma tsawonsu ɗaya. To, me ya sa kuka saɓa? Ku je ku dubi sandunan juna." Suka yi ta kewaye suna musu, wannan ya ce awon waɗancan ne ya lanƙwashe, wancan ya ce ba su iya karanta lamba ba. Can sai wata 'yar yarinya ta tsuguna ta hangi sandar masu 69 daga gefe, ta ce ai ta karkata. Wani yaro, wanda daga baya na ji ubansa magini ne, ya ɗaure dutse a bakin zare ya sake shi kusa da sandar, sai ga karkatar ta bayyana ga kowa. Aka miƙar da ita, aka sake awo, aka sami 65. Masu 62 kuma aka gano sun tura tasu cikin ƙasa fiye da ƙima.

Malamar ba ta rubuta musu a allo cewa mai awo ya kula da kayan awonsa ba, ba ta kuma sa sun maimaita shi sau goma da murya ɗaya ba. Amma na tabbata babu yaro a cikin yaran nan da zai sake amincewa da wata lamba ba tare da ya tambayi yadda aka samo ta ba. Na dubi Alhaji na ce masa a hankali, "In aka kawo maka buhun gero aka ce mudu kaza ne a ciki, kana biya kafin ka auna?" Ya ce, "Haba Malam, ko ɗan'uwana ne sai na zura hannu har ƙasan buhu." Na ce, "To, abin da ake koya wa ɗanka ke nan." Ya yi shiru, amma ban ce ya gamsu ba.

Akwai wani abu da ya dami yaran, malamar kuma ta yarda da kanta cewa ya dame ta. Sun ga inuwa tana raguwa, sun ga tana ƙaruwa, amma sun kasa kama daidai lokacin da ta juya, domin a kusa da tsakar rana tsawonta kusan tsayawa yake yi, ba ya canjawa sai da abin da bai kai faɗin yatsa ba. A nan ne ta nemi in sa baki, na kuwa ji daɗi, don wannan mas'ala ce da malaman fiƙihu suka daɗe da saninta. Lokacin nan da rana take kamar ta tsaya shi ake kira istiwa'i, gushewarta daga nan kuma shi ne zawali, watau farkon lokacin Azahar. Na nuna musu dabarar da magabata suke kira da'irar Hindu. A ɗaura zare a gindin sanda a zana da'ira a ƙasa kewaye da ita. Da hantsi inuwa tana wajen da'irar, to sai a sa alama inda bakinta ya shiga ciki. Bayan tsakar rana a sa alama inda ya fita. A haɗa alamun nan biyu da miƙaƙƙen layi, a raba shi biyu daidai, a ja layi daga nan zuwa gindin sanda. Wannan layin shi ne kudu da arewa na gaskiya, kuma duk ranar da inuwa ta hau kansa rana ta yi tsaka, da ta sauka daga kansa ta ɓangaren gabas Azahar ta shiga. Babu abin da aikin ke bukata sai zare da ƙusa da haƙuri.

Na ƙara musu da cewa a mazhabarmu ta Malikiyya La'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar da ta rage a lokacin zawali. Kafin in rufe baki wani yaro ya ce, "Ashe yau 165 ke nan, Malam." Haka ne kuwa, 100 na sanda da 65 na zawali. Na ce duk wanda ya isa gida ya kafa tasa sandar, ya ga ko za ta yi daidai da kiran sallar unguwarsu, wanda a kwanakin nan yake faɗowa wajen ƙarfe 3 da rabi.

Mai karatu zai so ya san cewa wannan 65 ɗin ba ta zama daram duk shekara. Kano tana wajen daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ƙarshen Disamba inuwar zawali ta sanda mai mita 1 takan kai santimita 71, tana kwance wajen arewa. Daga nan sai ta riƙa raguwa har wajen 21 ga Afrilu, ranar da rana take bi ta saman kai sosai, sanda ta rasa inuwa. Sa'an nan inuwar ta koma kudu, ta kai kimanin santimita 20 a ƙarshen Yuni, ta sake ɓacewa wajen 21 ga Agusta, ta komo arewa. Haka kuma tsakar rana a Kano ba ƙarfe 12 na agogo ba ce. Tana yawo ne tsakanin wajen 12 da minti 10 a farkon Nuwamba zuwa wajen 1 saura minti 20 a tsakiyar Fabrairu. Kuma rana tana yin tsaka a Maiduguri kimanin rabin sa'a kafin ta yi a Sakkwato, ko da yake agogonsu ɗaya. Wannan ya sa nake jan kunnen almajiraina game da lissafin ƙafafun inuwa na wata-wata da ke cikin wasu littattafan Magrib. Malaman da suka tsara shi sun auna ne a ƙasarsu, kuma sun yi gaskiya. Wanda ya haddace shi ya zo yana aiki da shi a Kano ba tare da ya fita rana ya taka inuwarsa ba, shi ne ya yi kuskure.

A nan ne nake so in tsaya, domin nan ne gindin maganar. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san darajar hadda, kuma ba zan taɓa rena ta ba. Alƙur'ani lafazinsa ake kiyayewa, harafi da wasali, saboda haka hanyarsa ita ce a karɓa daga bakin malami a maimaita har ya zauna. Hadisi ma da riwaya ake karɓarsa, a duba wa ya ji daga wa. Wannan shi ne ilmin naƙali. Amma akwai wani ilmi wanda ƙofarsa gani da ido ce da jarrabawa da hannu, shi ne abin da Larabawa ke kira mushahada da tajriba, kimiyya kuwa a nan take. Kuskuren da makarantunmu na boko suka faɗa ciki shi ne sun ɗauki hanyar ilmi na farko sun ɗora wa na biyu. Sai ka ji aji guda na yara suna rera ma'anar iska ko ta haske da Turanci, da murya mai daɗi kamar masu tilawa, amma in ka kife kofi a cikin bokitin ruwa ka tambaye su me ya hana ruwa cika shi, sai a yi tsit. Wanda ya haddace Alƙur'ani bai san fassara ba yana da ladansa, ya kuma kiyaye wa al'umma amana. Wanda ya haddace ma'anar iska bai gane ba, me ya kiyaye, kuma wa ya amfana?

Ko a makarantar allon ma, in mun tuna da kyau, hannu bai zauna banza ba. Mu muke feƙe alƙalaminmu, mu muke haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Babu wanda ya ba mu ma'auni a rubuce. Ka rage ƙaro rubutu ya goge da an taɓa, ka cika shi tawada ta yi danƙo ta ƙi bin alƙalami, a haka har hannunka ya gane daidai. Jarrabawa ce muke yi ba mu san sunanta ba.

Na san akwai iyaye da abin da ke ransu ya wuce maganar ƙura a wando. Tsoronsu shi ne yaron da aka saba masa da cewa kada ya yarda sai ya gwada, wata rana zai kawo wannan hali cikin addini. Wannan tsoro ba abin dariya ba ne, amma malaman tauhidi sun riga sun share mana hanya. Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma littattafansa suke hannun almajirai a ƙasar Hausa har yau, ya karantar da cewa hukunci iri uku ne: na shari'a, da na hankali, da na al'ada. Na al'ada shi ne wanda ake sani ta hanyar maimaituwa, kamar yadda muka san wuta tana ƙuna, abinci yana ƙosarwa, tare da saninmu cewa Allah ne Ya tsara abin a haka, kuma Shi ne Mai aikatawa. To, kimiyya ba ta wuce bin diddigin wannan hukunci na uku da awo da lissafi ba. Yaron da aka nuna masa iyakar kowane hukunci ba zai nemi hukuncin azumi a cikin kwalbar gwaji ba, ba kuma zai nemi maganin zazzaɓi a wurin mai gardamar nahawu ba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda aka saba masa da haɗiye duk abin da aka faɗa masa da Turanci, domin ranar da wani ya zo masa da ɓarna cikin Turanci mai kyau, ita ma haɗiye ta zai yi.

Magabatanmu ba su ga wani karo a nan ba. Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta Kitabul Manaziri a kan haske da gani, kuma a cikinsa yakan bayyana wa mai karatu yadda zai shirya kayan gwaji ya gani da kansa. Daga cikin gwajinsa akwai jera fitilu a gaban wata 'yar ƙofa da ke buɗewa zuwa wuri mai duhu. Kowace fitila sai ta jefa haskenta a bango a wurin da ke fuskantarta, in aka rufe fitila guda haskenta kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya nuna haske yana tafiya a miƙe, kuma haskoki suna ratsa ƙofa ɗaya ba su cakuɗe ba. Ɗan aji huɗu zai iya maimaita wannan da gwangwanin madara da aka huda gindinsa da ƙusa, aka rufe bakinsa da takarda mai maiƙo. Zai ga bishiyar makaranta a kife a jikin takardar. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a 973, littafi guda ya keɓe wa inuwa da yadda ake fitar da lokutan salla da ita. Ibnu Shaɗir kuwa aikinsa ke nan a babban masallacin Dimashƙa, kula da lokuta, kuma wajen 1371 ya ƙera wa hasumiyar masallacin agogon rana na marmara. Waɗannan mutane da sanda da inuwa suka fara, irin wadda Alhaji ya kira wasan ƙasa.

Kada kuma a zaci abin da malamar nan take yi baƙon abu ne da aka shigo da shi jiya. A nan Kano aka yi taro a 1965, inda masana daga ƙasashen Afirka da Amurka da Ingila suka kafa wani shiri na koyar da kimiyya a furamare ta hanyar sa yara su bincika abin da ke kewaye da su. Ɗaya daga cikin darussan shirin da suka yi suna an gina shi ne a kan kurkudu, ɗan ƙwaron nan da ke haƙa rami mai kama da mazurari a cikin rairayi yana jiran tururuwa ta gangaro. In yaro ya tambayi malami me kurkudu ke ci, ko ta yaya yake haƙa raminsa, sai a ce ya je ya tambayi kurkudun, watau ya zuba masa ido, ya canja masa ƙasa, ya ga abin da zai yi. A shekarun 1970 kuma Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta gudanar da shirin inganta ilmin furamare a jihohin Arewa, wanda shi ma ya ba aikin hannu muhimmanci. Sai ga shirin ilmin furamare kyauta ga kowa a 1976. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Alheri ne babba, da yawanmu ta ƙofarsa muka shiga boko. Amma aji ya cika ya batse, aka horar da malamai cikin gaggawa, malamin da ke gaban yara masu yawa haka kuwa ba abin da ya fi masa sauƙi kamar ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa. A ganina tun daga nan hannu ya fara fita daga darasin kimiyya, alli ya gaje shi.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Wannan uzuri ya karɓu a sakandare, amma a furamare ban karɓe shi ba. Malamar nan ta buɗe mana wani tsohon kwali a bayan aji, abin da ke ciki duka ba zai kai kuɗin cefanen yini guda ba. Akwai soɓorodo, wanda in aka jiƙa shi aka raba ruwan kofi uku, aka matsa lemun tsami a ɗaya sai jansa ya ƙara haske, aka zuba ruwan kanwa ko na toka a ɗaya sai ya juya ya yi duhu yana neman kore. Da wannan yara suke rarrabe abubuwa masu tsami da masu kanwa-kanwa, su kuma gane dalilin da ya sa iyayensu mata ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa. Turawa suna kiran wannan rukuni na biyu alkali, kuma kalmar daga Larabci suka are ta, inda take nufin tokar tsiro. Ba ruwanta da alƙalin kotu. Akwai ƙwayar zogale, wadda in aka daka ta aka zuba a kwalbar ruwan kududdufi aka motsa, sai lakar ta taru ta kwanta, a ajiye wata kwalbar da ba a sa wa kome ba a gefe don a kwatanta. A nan na ji daɗin wata magana da ta yi musu, cewa ruwan da ya yi garau ba lalle ne ya zama lafiyayye ba, sai an tafasa. Ni ma nakan faɗa wa almajirai haka. Ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba ya halatta a yi alwala da shi, wannan hukuncin tsarki ne. Amma ƙwayar cutar kwalara ba ta canja ko ɗaya daga cikin ukun nan, saboda haka hukuncin sha daban ne.

Akwai kuma tukwane biyu na ƙasa, ƙarama a cikin babba, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu. Yara suna sa tumatir a ciki, su bar wani a waje, su riƙa dubawa kowace safiya. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya iska tana shanye shi, yana kuma tafiya da zafin da ke ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, kamar kuma yadda gumi ke sanyaya jiki. Marigayi Muhammad Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ya haɗa shi ne ilmin aji da sana'ar gidansu.

Ba zan ɓoye wahalar abin ba. Ajin da na gani yara 48 ne, kuma duk da haka malamar ta fita daga darasin muryarta ta dushe. Wanda ke da 100 a gabansa sai ya yi dabarar fitar da su kashi-kashi, ko ya nemi taimakon manyan ɗalibai, kuma ba kowane mako zai iya ba. Aikin yana cin lokaci. Abin da za a kwafa cikin minti 10 yakan ɗauki yini. Yana kuma bukatar tsaro: kada yaro ya kalli ƙwayar rana, kada ya ɗanɗana abin gwaji, wuta kuwa malami kaɗai ke taɓa ta. Sa'an nan ga maganar harshe. Na lura duk gardamar da yaran suka yi a kan karkatacciyar sanda da Hausa suka yi ta, sai da aka gama malama ta ba su kalmomin Turanci suka rubuta. Da ta hana su Hausa, da babu mai buɗe baki. Marigayi Farfesa Babatunde Fafunwa ya jarraba irin wannan a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan furamare har da kimiyya da Yarabanci shekara shida, aka koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba a ga sun kasa takwarorinsu ba.

Ga 'yan'uwa ma'aikata, musamman na ma'aikatar ilmi da masu zagayen duba makarantu, ina da roƙo. In kun shiga aji kuka ƙirga shafukan da aka rubuta kawai kuka tafi, to kun gaya wa malami abin da kuke so ke nan, shi kuwa zai ba ku. Ku riƙa tambaya me yaran suka auna a wannan wata, me suka shuka, ina takardar da suka rubuta sakamakonsu da hannunsu. 'Yan kasuwa kuma da ke cikin ƙungiyar iyaye da malamai, awon tela dozin biyu da ƙullin zare da 'yan bokitai ba za su girgiza jarin kowa ba.

Ba mu shiga ofishin hedimasta ba a ranar. A hanya Alhaji ya ce har yanzu jarrabawar shiga sakandare a takarda ake yin ta, ba a farfajiya ba, kuma zai sa ido ya ga sakamakon ƙarshen zango. Na ce wannan haƙƙinsa ne, kuma malamar ma ta san dole a rubuta abin da aka gano bayan an gano shi. Bayan kwana biyu ya gaya mini yaron ya kafa taɓarya a tsakar gida yana jiran La'asar, har uwarsa ta rasa abin daka.

Kafin mu rabu da malamar na bar mata wani aiki na zangon ƙarshe. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10 da minti 27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci wajen da rana take ya fuskanci alƙibla, inuwar kowace sanda da ke tsaye a miƙe kuma tana nuna kishiyarta. Yaran za su ga cewa alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce kamar yadda bakinmu ya saba faɗa. Ta karkata wajen arewa da kimanin daraja 22. Wannan ba dalili ba ne na tayar da rigima a kan tsofaffin masallatai, domin wanda yake nesa da Makka fuskantar jiha ta wadatar masa. Ta ce za ta sa su ja layin da fenti a kan daɓen da 'yan makarantar ke salla. Yuli damina ce, gajimare na iya rufe rana, saboda haka muka tsayar da ta Mayu.